KALMAR "RECESSION": MA'ANONINTA DA YADDA TA SHAFI MUTUMIN JABO

 



GABATARWA

Wannan lacca za ta tsaya ne a kan kalma guda ɗaya ta Ingilishi, watau "recession". Mai sauraro na iya ganin kamar kalma ɗaya ba ta isa a tara jama'a dominta ba. Amma a duba abin da ya faru ranar 31 ga Agusta, 2016, lokacin da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ba da sanarwar cewa Nijeriya ta shiga "recession". Cikin makonnin da suka biyo baya masu fassara a gidajen rediyo da jaridu suka yi ta kai da kawowa. Wani ya ce koma bayan tattalin arziki, wani ya ce karayar tattalin arziki, wani ya ce matsin tattalin arziki, wani kuwa ya ce durƙushewa. Bayan shekara guda, a farkon Satumba 2017, hukumar ta sake sanar da cewa ƙasa ta fita daga wannan hali. Mutumin Jabo ko na Kebbe wanda aka gaya wa an fita daga matsi, ya kuwa je kasuwa ya tarar mudun shinkafa na nan inda ya bar shi, yana da hujjar ya ɗauka ƙarya aka shara masa. Alhali kuwa lissafin hukumar daidai ne bisa ma'auninta. Matsalar tana wurin kalmar da aka ɗora wa lissafin.

Saboda haka za a bi kalmar tun daga asalinta, a ga yadda ta shiga bakin masana tattalin arziki, a auna ta da abin da ƙasar Jabo da Tambuwal da Kebbe ta gani da idonta, sa'an nan a dubi kalmomin Hausa da suka dace da ita.

ASALIN KALMAR

Kalmar ta fito daga harshen Latin, daga wata kalma mai ma'anar ja da baya ko janyewa. Shekaru aru-aru Turawan Ingila suna amfani da ita ba tare da ta shafi kuɗi ko kasuwa ba. Idan ruwan teku ya janye daga gaɓa, ita ake faɗi. Likitan haƙori yana amfani da ita idan dasashi ya janye ya bar tushen haƙori a waje. 'Yar'uwarta ce kalmar "recess" da 'yan majalisa ke kiran hutunsu da ita, domin sun janye daga zauren majalisa na ɗan lokaci, za su kuma dawo.

Akwai wata ma'ana da ta fi kowace kusa da mutanen wannan yanki. Gulbin Zamfara, wanda ya biyo ta Gummi da Kebbe ya nufi Jega, yakan cika da damina ya malala cikin fadamu, da kaka kuma ya janye ya bar laka mai danshi da taki. Manomi sai ya bi sawun ruwan yana shuka. Masana aikin gona suna kiran irin wannan noma da wannan kalma ta "recession", watau noman janyewar ruwa. Ke nan kalmar da ke tayar wa ma'aikacin banki hankali a Ikko, ita ce a littafin malamin gona take nufin lokacin da manomin fadama ke ɗaura ɗamarar neman abinci. Abin lura a cikin dukkan waɗannan ma'anoni shi ne, abin da ya janye ana sa ran dawowarsa.

YADDA TA SHIGA HARKAR TATTALIN ARZIKI

A ƙarni na goma sha tara, idan kasuwa ta rikice a Amurka, bankuna suka rufe, sunan da ake kiran abin shi ne "panic", watau firgita. Haka aka kira rikicin 1873 da na 1893 da na 1907. Da kasuwar hannun jari ta birnin New York ta faɗi a watan Oktoba 1929, Shugaba Herbert Hoover ya fi son a ce "depression", kalmar da asalinta ke nufin lotsawa ko kwari, don a ganinsa ta fi taushi. Sai lotsawar ta zarce tsammani, har a 1933 wajen mutum ɗaya cikin kowane ma'aikata huɗu na Amurka ba shi da aikin yi. Daga nan kalmar da aka zaɓa don kwantar da hankali ta zama abin tsoro ita kanta. Da al'amura suka sake ja da baya a 1937, zamanin Shugaba Roosevelt, sai aka rungumi "recession", domin a nuna wa jama'a ɗan janyewa ne kurum irin na ruwan teku.

Ita ma ba ta daɗe ba ta yi nauyi a kunne. A 1978 Alfred Kahn, mai ba Shugaba Carter shawara kan tsadar kaya, ya sha faɗa daga fadar shugaban saboda ya ambaci yiwuwar faɗuwar tattalin arziki ƙarara. Sai ya shaida wa 'yan jarida cewa daga ranar zai riƙa cewa "ayaba" a madadin kalmar. Wannan raha tana ɗauke da darasi: mahukunta a ko'ina sun fi son kalma mai taushi, kuma kowace kalma mai taushi takan ɗauki ɗacin abin da aka rufe da ita, har a nemi wata.

Akwai kuma "slump", wadda asalinta nutsewa ce cikin taɓo, wadda Ingilishi suka fi amfani da ita ga faɗuwar ciniki ta shekarun 1930. Jaridun Turanci na Nijeriya sun ba ta wani aiki na yau da kullum, inda suke amfani da ita idan mutum ya yanke jiki ya faɗi.

MA'AUNIN MASANA

A wurin masana a yau kalmar tana da ma'auni. Ana haɗa ƙimar duk abin da ƙasa ta samar, daga ɗanyen mai da siminti zuwa gero da ladan direba, a kowane wata uku, watau rubu'in shekara. Idan jimillar ta ragu rubu'i biyu a jere, sai a ce an shiga "recession". Ana danganta yaɗuwar wannan ƙa'ida ga Julius Shiskin, wani masanin ƙididdiga na Amurka, wanda ya kawo ta cikin wani rubutu a 1974. Nijeriya takan gwada kowane rubu'i da takwaransa na bara. Bisa sanarwar farko ta hukumar, jimillar ta ragu da kashi 0.36 cikin ɗari a rubu'in farko na 2016, da kashi 2.06 a na biyu. Da ta ƙaru da kashi 0.55 a rubu'i na biyu na 2017, sai aka ce an fita.

Misali daga gona zai bayyana inda gizo ke saƙa. A ce manomi ya sami dami ɗari na gero shekaran bara. Bara ya sami casa'in. Wannan shi ne koma baya. Bana ya sami casa'in da ɗaya. Bisa ƙa'idar masana ya fita daga koma baya, tun da ya fi bara da dami ɗaya. Amma rumbunsa na da giɓin dami tara idan aka gwada da shekaran bara, ga shi kuma an yi masa haihuwa biyu a gida. Haka lamarin Nijeriya ya kasance a 2017: abin da ƙasa ta samar ya ƙaru da ƙasa da kashi ɗaya cikin ɗari a shekarar, jama'a kuwa suna ƙaruwa da fiye da kashi biyu. Rabon kowane mutum raguwa ya ci gaba da yi.

Har wa yau, ma'aunin bai ce kome ba game da farashi. Yawan abin da aka samar yake aunawa. Tsadar kaya tana da nata ma'auni dabam, wanda ya haura kashi 18 cikin ɗari a ƙarshen 2016.

ABIN DA ƘASAR JABO TA GANI

Jabo na cikin Ƙaramar Hukumar Tambuwal, tare da Dogon Daji da Sanyinna. Ƙasa ce ta gero da dawa da wake da gyaɗa a tudu, shinkafa da albasa da sauran kayan lambu a fadama, ga kiwo, ga fatauci bisa hanyar da ta taso daga Sakkwato ta bi ta Shagari da Tambuwal zuwa Jega. Idan aka jera lokutan da aka ce tattalin arziki ya ja da baya, aka gwada da halin mutanen irin wannan ƙasa, za a ga wani lokaci sukan zo daidai, wani lokaci kuwa sukan yi hannun riga.

Na farko, shekarun 1930. Hanyar jirgin ƙasa ta isa Kaura Namoda ta Gusau a 1929, shekarar da kasuwar New York ta faɗi. Lardin Sakkwato ya ƙara ɗaurewa da kasuwar duniya ta hanyar gyaɗa da auduga da fatu da ƙiraga, daidai lokacin da kasuwar ke nutsewa. Kafin 1934 farashin gyaɗa a Arewa ya faɗi da fiye da rabi. Haraji da jangali kuwa da tsabar kuɗi ake biya, ba su kuma sauko daidai da saukar farashi ba. Ga fara ta addabi gonaki a farkon shekarun. Manomi sai ya sayar da amfani mai yawa kafin ya haɗa kuɗin da a da kaɗan ke haɗawa, ko kuwa ya ɗauki sanda ya tafi cin rani Kurmi ko Gwanja. A nan faɗuwar kasuwar Turai ta iso ƙauye kai tsaye.

Na biyu, 1973. Fari ya cinye amfanin gona, dabbobi suka mutu a Arewa mai nisa da Jamhuriyar Nijar. A cikin wannan shekara ce, daga watan Oktoba, farashin ɗanyen mai ya tashi, har ya ninka wajen sau huɗu cikin 'yan watanni. Baitulmalin Gwamnatin Tarayya ya cika, aka yi wa ma'aikata ƙarin albashin Udoji a farkon 1975, shekarar da cuta ta kashe gyaɗa a Arewa. Bisa ma'aunin masana babu koma baya ko kaɗan a 1973 da 1974, bunƙasa ce. Bisa ma'aunin rumbu kuwa, shekarun baƙin ciki ne.

Na uku, daga 1982. Kasuwar mai ta cika ta batse, abin da Nijeriya ke haƙowa ya sauko daga ganga fiye da miliyan biyu a rana zuwa ƙasa da miliyan ɗaya da rabi. A watan Afrilu 1982 gwamnatin Alhaji Shehu Shagari, wanda garinsu ke maƙwabtaka da ƙasar Tambuwal, ta kafa dokar daidaita tattalin arziki, ta taƙaita shigo da kaya, ta rage kashe kuɗi. Kalmar da ta cika gari a lokacin ita ce "austerity", wadda Hausa ta fassara da tsuke bakin aljihu. Ya kamata a lura cewa wannan sunan magani ne da gwamnati ta ɗauka, amma jama'a suka mai da shi sunan cutar da ma zamanin gaba ɗaya. A Afrilu 1984 gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta canja kuɗi ta rufe iyakoki, aka kuma yi fari a shekarar. A 1986 gwamnatin Janar Babangida ta kawo shirin SAP, ta rushe hukumomin sayen amfanin gona, ta sakar wa kasuwa darajar Naira. A farkon 1986 Naira da Dala kusan kunnen doki suke. A 1987 Dala ɗaya ta kai wajen Naira 4.

Na huɗu, 2016. Gangar mai da ta haura Dala 100 a tsakiyar 2014 ta faɗo ƙasa da Dala 30 a Janairu 2016. Jihohi da yawa suka kasa biyan albashi a kan kari. Litar fetur ta tashi zuwa Naira 145 a watan Mayu, darajar Naira ta faɗi a watan Yuni. Amma a wannan shekarar sashen noma ƙaruwa ya yi da wajen kashi 4 cikin ɗari. An ƙaddamar da shirin ba manoman shinkafa rance a Birnin Kebbi a Nuwamba 2015, shinkafar waje ta yi tsada, ta gida ta sami kasuwa. Saboda haka a gari ɗaya, manomin da ke da rarar hatsin sayarwa ya ga kuɗin da bai saba gani ba, malamin makaranta mai jiran albashi da ƙaramin manomin da hatsinsa ke ƙarewa kafin bazara suka ɗanɗana kuɗarsu.

Na biyar, 2023 da 2024. An janye tallafin fetur ranar 29 ga Mayu 2023, aka saki Naira a watan Yuni. Hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin ɗari a ƙarshen 2024, har aka yi zanga-zangar tsadar rayuwa a watan Agusta na shekarar. Duk da haka babu wanda ya ce an shiga "recession", kuma bisa ƙa'ida ba a shiga ba, domin jimillar abin da ƙasa ta samar ƙaruwa ta yi da wajen kashi 3.

Wannan jeri ya nuna ana iya shan wuya ba tare da "recession" ba, kamar 1973 da 2024, ana kuma iya yin "recession" wasu manoma na samun riba, kamar 2016.

KALMOMIN HAUSA

Bahaushe bai jira Bature ba kafin ya san sunan hasara. Yana da kalmomi masu yawa, kowace da gurbinta, kuma aikin mai fassara shi ne ya ajiye kowace a inda ta dace.

Karayar arziki tsohuwar magana ce, kuma mutum ɗaya take nufi: attajirin da jarinsa ya ƙare, bashi ya yi masa katutu. Abin da ya karye sai an yi masa ɗori, wani ma ba ya ɗoruwa. Idan aka ce arzikin ƙasa ya karye saboda raguwar kashi biyu cikin ɗari, an zarce gona da iri, an kuma firgita mai sauraro. Durƙushewa ta fi dacewa da abin da ya sami Amurka a 1933, ko abin da ya sami masaƙun Kaduna da Kano, inda abu ya kai gwiwa ƙasa ya kasa tashi. Faɗuwar kasuwa, ko hwaɗuwa a bakin Basakkwace, ta shafi haja ɗaya a lokaci ɗaya, kamar yadda albasa ke faɗuwa a kasuwar Aliero idan kowa ya kwashe tasa a mako guda. Idan kaya suka yi kwantai an rasa mai saye, wannan ma da sunansa. Tsuke bakin aljihu mataki ne da mai gida ko gwamnati ke ɗauka da gangan. Hauhawar farashi da tsadar rayuwa su ne abin da mai cefane ke gamuwa da shi. Matsi kuwa shi ne abin da jiki ke ji, ko daga wace kafa wuyar ta ɓullo.

Idan aka tace, koma baya ce ta fi kusa da "recession", domin ta yi daidai da asalin kalmar, ta kuma bar ƙofar dawowa a buɗe. Sai dai ita kaɗai ba ta wadatar ba. Dole mai fassara ya faɗi abin da ya koma bayan, watau yawan abin da ƙasa ke samarwa. Idan kuma aka ce an fita, ya ƙara da cewa raguwar ce ta tsaya, abin da aka rasa bai dawo ba tukuna, kuma labarin bai shafi farashi ba. Da an yi wannan ƙarin bayani na jimla ɗaya a 2017, da an rage zargin ƙarya.

Akwai wata hikima ta magabata da ta cancanci a tuna. Su ba su da suna ɗaya na dukkan shekarun wuya. Kowace sukan raɗa mata nata. Yunwar 1913 zuwa 1914 an kira ta Kakalaba a wurare da dama, ta 1927 Mai Buhu, ta wajen 1942 'Yar Gusau, ta 1953 zuwa 1954 Muda. A ƙasar Maraɗi an kira ta 1984 El Buhari, saboda rufe iyaka ya hana hatsin Nijeriya isa gare su. Irin waɗannan sunaye sukan riƙe wani abu na dalilin wuyar, ko na inda aka je neman abinci, ko na ma'aunin da aka saya da shi, har jikoki su ji su tambaya. Kalmar masana tana da amfanin da waɗannan ba su da shi, domin da ita ake gwada shekara da shekara, ƙasa da ƙasa. Su kuma suna faɗin wanda abin ya faɗa wa, abin da ita ba ta faɗi.

KAMMALAWA

Abin da ke cikin haɗari a nan shi ne amana tsakanin masu mulki da talakawa. Mutanen Jabo da Kebbe, kamar akasarin mutanen karkarar Arewa, ta rediyo da harshen Hausa suke jin labarin tattalin arzikin ƙasarsu. Da abin da suka ji suke yanke shawarar sayar da hatsi da kaka ko ajiye shi zuwa bazara, da karɓar rancen noma ko ƙin karɓa, da kuma wanda za su jefa wa ƙuri'a. Idan sau biyu ko uku aka ce musu an fita daga matsi suka ga ba haka ba, ranar da za a zo musu da gargaɗin gaskiya game da fari ko annoba ba za su saurara ba.

Don haka akwai aiki a kan sassa uku. Sassan koyar da Hausa da na tattalin arziki a jami'o'i, musamman Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato da Cibiyar nazarin harsuna ta Jami'ar Bayero, su zauna tare su daidaita waɗannan kalmomi, kada a bar kowane ɗakin labarai da tasa. Masu fassara su riƙa haɗa kowane adadi na ƙasa da farashin mudu a kasuwar da mai sauraro ya sani. Hukumomin jiha kuma su riƙa tattara farashin hatsi da dabbobi na kasuwannin Tambuwal da Kebbe da makamantansu suna bayyanawa da Hausa a kai a kai, domin tashin farashin gero tare da faɗuwar farashin awaki ya daɗe yana zama alamar yunwa tun kafin ta iso.

Allah Ya ba da damina mai albarka, Ya kare ƙasa daga fari da yunwa.